Zanen da Ke Kabad ɗin Isma'ila

Inna Mero dai ta ce ba bincike ta je yi ba, guga za ta yi. Tun da ta zo unguwar Tottenham a Landan wajen ɗanta Isma'ila, ma'aikacin gidan waya, zaman ɗaki ya ishe ta, shi ne ta buɗe kabad ɗinsa tana neman abin taɓawa. Can ƙurya ta ci karo da wani zane mai nauyin bargo, kore da ja, layi ya hau layi, an jera masa ninki a baya reras.

Da farko murmushi ta yi, wato yaron nan mace ya ajiye bai faɗa ba. Sai ta gwada ƙugun da na wandonsa, ta ga daidai wa daida. Nan murmushin ya gudu. Ta naɗe abin a mayafi ta ƙwanƙwasa wa maƙwabciyarsu Scholastica, wata nas 'yar Kafanchan.

"Nasa ne, Mama. Ranar Asabar ma zai sa, suna da fareti a cikin gari."

"Ya ɗaura zane? A titi?"

"Da rana tsaka, gaban kowa."

Inna Mero ta mayar da zanen cikin mayafi. Mazan da ta san suna ɗaura zane su fita titi a Kano 'yan daudu ne, masu suyar kaji a bakin tasha suna karya murya. Ga shi ta baro magana a gida: kawunsa Mijinyawa ya shirya zuwa nema masa auren Jamilatu, 'yar limamin unguwarsu, ita kaɗai ake jira ta koma ta ce yaro lafiya lau yake. Tambayarsa kuwa ba za ta iya ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta kamawa, balle ta dube shi da wannan zance. Ta ce gara ta je idonta ya gane mata.

Ranar Asabar, cikin sanyin Nuwamban 1989, Scholastica ta ja ta suka hau tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Tun kafin su ga komai sautin ya iso, sai ka ce an tara masu algaitar duniya an ce su busa tare. Can sai ga su, ƙarti majiya ƙarfi, wasu da jan gemu, kowa da zanensa iya gwiwa, ƙafafu sun yi jawur don sanyi. Ta ƙura ido tana neman rangwaɗa ko fari da ido, ba ta samu ko ɗaya ba. Taku ne na sojoji, ƙasa har amsawa take yi.

Tsoro ya ɗan ja baya, son sani ya shigo, kuma Inna Mero idan ta fara tambaya sai Allah.

"Wannan salkar da suke matsewa a hammata fa?"

"Iska ke ciki, Mama, ita ke busa musu."

"Oh, su ba sa wahalar da kumatu. Wancan abin a safa?"

"Wuƙa ce."

"Wuƙa!" Wannan ta yi mata daɗi ƙwarai.

Wani tsoho na tsaye kusa da ita da nasa zanen shuɗi. Ba ta san lokacin da ta kama gefensa tana murzawa don ta ji saƙar ba. Tsohon ya yi dariya ya zuba Turancin da ko Scholastica sai da ta ce ya maimaita. Wai kowane gida da irin layinsa, da ganin zanen mutum ka san zuriyarsa.

"Ashe tsaga ce," in ji Inna Mero. "Irin ta Gobirawa, su sai suka yi wa tufafi. Sun huta da wanzami."

Tana rufe baki ta hango Isma'ila. Baƙin mutum ɗaya tal a sahu, ƙirji a buɗe, tafiya ta maza, har ya fi na kusa da shi kyan tsayuwa. Daɗi ya cika ta, saura ƙiris ta rangaɗa guɗa. Sai idonta ya sauka kan abin da ke rataye a ƙugunsa. Ganga ce, yana kaɗa ta da sanduna, hannu na rawa kamar a gidan makaɗa aka haife shi.

Da aka watse ya hango ta, ya zo yana haki, ya rusuna, zanen na jan ƙasa.

"Inna, wa ya kawo ki? Wani abokin aikina ne ɗan Scotland ya sa ni joining ƙungiyarsu. Na so in yi miki bayanin kayan..."

"Bar zancen zane, na ga maza," ta ce, tana kallon gefe. Ta nuna gangar da haɓa. "Wannan fa? Kakanka alƙali, kai kuma maroƙi? 'Yar liman za su ba makaɗi?"

Ta gyara mayafinta, ta rage murya.

"Idan kawunka ya tambaya, soja ka shiga. Zanen ka kai gida in kana so, ni zan yi musu bayani. Gangar kuwa ta mutu a Landan."