Kira daga Hasumiyar Baturiya

Ranar Laraba matata ta rasu a gindin hasumiyar kallon tsuntsaye, ni kuma ina can sama ina kallon ruwa.

Tsohuwar hasumiya ce a kan wani tudu kusa da Baturiya. An gina ta ne don baƙi su riƙa leƙen agwagin da ke zuwa cin rani daga Turai. Na karanta littattafai a kan agwagin nan. An fi bin lafiyarsu a kan ta mutanen fadama.

Da likita a Haɗeja ya ce mu koma gida mu ci gaba da addu'a, sai matata ta ce a kai ta hasumiyar. An taɓa gaya mata daga sama ana hango ƙauyen da aka haife ta. Muka tafi, ni da ita da ƙanwarta Maijidda. Tun a matakala ta farko numfashinta ya ƙi. Maijidda ta shimfiɗa mata tabarma a inuwa.

"Malam, kai ka hau," in ji matata. "In ka hango garinmu ka ƙwala mini kira. Da sunana fa."

Sunansu ɗaya da mahaifiyata. Tun da aka kawo ta gidana ban taɓa furta shi ba, Mai-sunan-Inna nake ce mata.

"Ji mai neman rigima," na ce.

"Inna ta daɗe da rasuwa, ba ita za ta amsa ba. A can sama wa zai ji ka? Shamuwa?"

Maijidda ta yi dariya. "Yaya, yau kunya ta ƙare."

Na hau, gwiwoyina na ƙara. Ruwa shimfiɗe har inda ido ya gaza, ga gonakin shinkafa, ga kwale-kwalen masunta, ga shanu cikin goruba. Inda ta kwatanta mini, gabas da wasu kukoki, babu komai sai kachalla, ciyawar nan da ta toshe hanyoyin ruwa ta tashi garuruwa. Na daɗe ina neman ko da rufin ɗaki guda. Da na rasa, na ce bari in kira ta haka nan.

Na kama ƙarfen da ya kewaye saman hasumiyar, na ja numfashi. Sai na ji salatin Maijidda daga ƙasa.

Masu gaisuwa sun ce ta yi kyakkyawan ƙarshe. Na amsa musu da amin. Abin da ya rage a bakina ba nasu ba ne.

Zainaba.