Gangunan Kwalta

Inuwa yana kankare laka daga bakin fartanya sai ya ji tsayuwar mota a ƙofar gida. Bai ɗaga kai ba. Ya san Zayyad ne, ɗan ƙanin mahaifinsa, mai masana'antar da ke bakin fadamar Kudan, inda ake gasa totuwar masara da tuƙar rake a samu iskar da ke juya janareto.

Zayyad ya durƙusa ya gaishe shi, ya tambayi iyali da gajiya, abin da ya daɗe bai yi ba.

"Yaya, an ce ka tara baƙar kwaltar nan a ganguna."

"Na tara."

Tun da aka kunna injin masana'antar, kwaltar da ke fita daga gashin take bin lambatu tana kwanciya a gonar raken Inuwa. Raken ya yi ja, ya bushe a tsaye. Inuwa ya je ofis ya yi ƙorafi, Zayyad ya ce a gaban ma'aikata ƙasar ce ta gaji, ba kwalta ba. Daga nan Inuwa ya shiga kwasarta da hannunsa, tana ƙona masa fata, yana ɗurawa a ganguna, bai ma san me zai yi da ita ba.

"Mun kawo sabon inji," in ji Zayyad. "Ana zafafa kwaltar, tururinta ya ratsa wani garin sinadari, sai ta fito mai mai kyau, har injin ban ruwa zai sha. Jibi masu zuba jari za su zo daga Kaduna su gani. Wadda ke hannunmu ba ta isa gwaji ba, ma'aikata sun zubar da sauran."

"A ina suka zubar?"

Zayyad ya tsura wa takalminsa ido.

"Je ka," in ji Inuwa. "Zan kawo maka gobe da hantsi."

Da motar ta tafi, Bilki matar Inuwa ta fito daga soro riƙe da tsintsiya.

"Malam, haka kawai za ka ba shi? Ko haƙuri bai ba ka ba."

"Kayansa ne, Bilki. Ba na riƙe kayan mutum."

Washegari Inuwa ya ɗaura wa shanunsa amalanke, ya jera gangunan, ya kama hanya. A mararraba, maimakon ya miƙe zuwa masana'anta, sai ya karkata hagu, ya gangara gonar raken Zayyad. Raken nan ya yi kore shar, ya fi mutum tsawo, ana shirin sara. Inuwa ya tsaya ya dube shi sosai. Sannan ya kwance murafen, ya tuntsurar da gangunan ɗaya bayan ɗaya a bakin kwarin ban ruwa. Kwaltar ta bi kunya-kunya a hankali, warin hayaƙi ya tashi.

Wayarsa ta yi ƙara.

"Yaya, muna ta jira. Ka taso kuwa?"

"Na iso, har na sauke."

"Ban gan ka a ƙofa ba."

"Tana gonarka," in ji Inuwa, yana goge hannu da ciyawa. "In raken ya bushe, ƙasar ce ta gaji."