Wankin Alhamis

Ni Dallatu ban taɓa zama a bencin makaranta ba, amma rabin benayen Abuja a wuyana simintinsu ya bi. Tun Dei-Dei tana daji nake dako a kasuwar kayan gini. Mota ta taɓa danne ni, na tashi na kaɗe riga. Sai ga shi da tsufa fitsari ya gagare ni.

Da likita ya ce sai an yi mini wankin ƙoda, dariya na yi. Na ce, "A cuɗa da kyau, likita, ba na son dawowa." A sanina, namiji sau biyu ake wanke shi, ran haihuwa da ran mutuwa. Nas Christiana ce ta ce, "Baba, Litinin da Alhamis ne, kowane sati."

"Har yaushe?"

Ta ci gaba da gyara tiyo.

Shekarar farko filina na Tungan Maje ya tafi a kuɗin wanki. Ta biyu babur ɗin surukina ya bi shi. Ya rage injin markaɗen 'yata Safara'u, wanda da shi 'ya'yanta ke cin tuwo. Da na ji tana tambayar masu saye, sai na kira ta.

"Likita ya ce bai taɓa ganin ƙoda irin tawa ba. Litinin kaɗai ta ishe ni."

"Haka ya ce, Baba?"

"Har 'yan'uwansa likitoci ya kira su zo kallo."

Na yi wata guda ina tsallake Alhamis. Ƙafa ta kumbura, takalmi ya ƙi shiga, in na kwanta numfashi ya tsaya a maƙogwaro. Na ce musu ƙiba ce ta zo mini a makare. Ƙarar injin nan da safe ita ce maganina.

Wata Laraba na farka gidan shiru. Na dafa bango na leƙa tsakar gida, sai gurbin inji da baƙin mai a ƙasa. Safara'u na zaune a gefe, hannuwa a cinya.

"Wa ya ce ki sayar?"

"Na je na gaida Christiana, Baba. Ta ce likitocin suna nan suna jiran ka, ba su gama kallo ba."

Na so in yi faɗa, numfashi bai ba ni dama ba. Na zauna a kan turmi.

"In kuɗin injin ya ƙare fa, Safara'u?"

Ta ɗaga kai ta dubi kwanon rufin ɗakinta.

Na ce, "Tsohon kwano ne, ba zai yi kuɗi ba. Ni na san kwano."

Ta jawo silifas ɗin mijinta ta durƙusa gabana. "Ɗaga ƙafa, Baba, mu gwada wannan. Gobe da wuri za mu fita."