Kujera Ta Sha Huɗu

Ranar Talatar da na je intabiyu, ce wa maigidanmu Mista Gitonga na yi haƙori ke damuna. Tun ranar Litinin na cusa auduga a kumatu don maganar ta zauna da gindinta. Ya tausaya mini ƙwarai, har ya ba ni sunan wani likita a Upper Hill, na rubuta a gabansa kamar da gaske. Shi kuwa Ogutu tun Juma'a ya ɗauki hutu, wai ya tafi garinsu Siaya ana rabon gonar kakansa. Na ce Allah ya sa rabon ya kai wata guda.

Ogutu shi ne babban injiniyanmu, ni kuma mai tsara aiki. Wato ni ce nake yi wa mutane alkawarin ranar da za a gama abu, shi kuma ya ce mini ba zai yiwu ba. Kamfanin namu ƙarami ne, mu goma sha ɗaya a hawa na uku a kan titin Ngong a Nairobi, muna yin manhajar da ake kama kujerar motar zuwa ƙauye da ita ta waya. Shekara huɗu teburina yana kallon nasa, kuma kalmar da na fi ji daga bakinsa ita ce "a'a". Ko kansa ba ya ɗagowa idan zai faɗe ta.

Ba ya ma kirana Mueni. Sha-huɗu yake ce mini, ga kuma dalili.

Disambar bara waccan na yi wa masu motoci alkawarin cewa kafin Kirsimeti kowane fasinja zai zaɓi kujerarsa da kansa. Ogutu ya ce a'a. Na ce me ya sa, ya ce abin bai nuna ba. Mako uku ina tambaya, mako uku amsar ke nan. Ranar da ya tafi bikin ƙanwarsa na saya wa sauran injiniyoyin biyu gasasshen naman akuya, na yi musu daɗin baki, aka saki abin. Ashe idan mutum biyu suka taɓa kujera ɗaya a lokaci ɗaya, sai manhajar ta ce wa kowannensu tasa ce. Ana jibi Kirsimeti, a motar Kitui, mutum uku suka tsaya a kan kujera ta sha huɗu: wani fasto, wata uwar amarya riƙe da kek mai hawa biyu, da wani bawan Allah rungume da sabuwar talabijin. Kowa ya ɗaga wayarsa yana nuna shaida. Haka aka yi a motoci tara.

Ogutu ya gyara abin cikin awa uku, bai ce mini uffan ba. Da muka dawo hutu a Janairu na tarar an liƙa wa bayan kujerata takarda mai lamba 14. Na ɓamɓare, washegari na tarar da sabuwa. A ta biyar na haƙura.

Saboda haka da babban kamfanin nan na unguwar Westlands, wanda rabin kwamfutocin duniya ke aiki da kayansa, ya kira ni bayan na nema sau uku, ba albashin ne ya fara faɗo mini a rai ba. Ofis nake so inda ba wanda ya san lambar nan. Na gaji da shiga wurin aiki ina sunkuyar da kai, gaskiyar ke nan.

Duk mai neman aiki a Nairobi ya san yadda suke yi. Mutum huɗu za su gan ka, kowa awa ɗaya. Idan bayan na huɗun aka raka ka bakin lif ana cewa za a tuntuɓe ka, to je ka nemi matatu, motar haya, an gama da kai. Idan kuwa aka ce ka ɗan jira akwai wanda ke son gaisawa da kai, ka tsallake, saura mutum na biyar.

Na farkon ya ce in tsara agogon tashi daga barci na tsohuwar da ba ta ji. Na biyun ya tambaye ni matatu nawa ke yawo a Nairobi, na ce sai ya fara gaya mini ko 'yan sanda na kan hanya ranar, ya yi dariya ya rubuta wani abu. Na ukun ya kai ni cin abincin rana yana cewa in saki jiki, wannan ba intabiyu ba ne. Wa zai yi wa wayo? Ga ugali, tuwon masararmu, da kifi suna kallona, na ce a zuba mini shinkafa, na ci da cokali kamar marar lafiya. Ta huɗun ta sa na cika allo da zane har alƙalamin ya bushe. Da ta fita, sai ma'aikaciyar da ke raka baƙi ta leƙo ta ce in ɗan jira, Madam Kerubo na son gaisawa da ni.

Madam Kerubo ita ce shugabar sashen duka, injiniya ko mai tsara aiki sai ya bi ta hannunta. 'Yar ƙaramar mace ce mai furfura, da takalmin gudu da filas ɗin shayi. Ta zuba mini, ta zuba wa kanta, ta ce, "Ba ni labarin lokacin da kika saɓa da abokin aiki."

Tambayar da nake jira ke nan. Mako biyu ina haddace amsarta a gaban madubi. Na wanke labarin Disamba tas, na goge shi. Ogutu ya koma "wani injiniya mai ɗan taurin kai", ni na koma mace mai haƙuri da sauraro. Na ce mun zauna mun fahimci juna, aka saki aikin a kan lokaci, an sami 'yan ƙananan matsaloli waɗanda muka koyi darasi da su. Babu fasto, babu kek, ko kalmar kujera ban bari ta fito ba.

Ta saurara har ƙarshe tana gyaɗa kai. Ta kurɓi shayi, ta ce, "Kujera ta nawa ce ma?"

Na ce, "Na'am?"

"Wadda faston ya tsaya a kai."

Na ji ɗakin ya yi mini ƙanƙanta. Mutum ɗaya ne a duniya zai iya kawo faston nan Westlands, kuma an ce yana Siaya yana auna gona. Sai a lokacin na lura da wani kofin shayi a gefen tebur, an sha rabi, an kifa cokalin a kan bakinsa. Shekara huɗu ina kallon cokali kife haka.

Na ce, "Ta sha huɗu ce, Madam."

"To, sake ba ni labarin."

Tunda rufin ya riga ya yaye, sai na zazzage mata komai. Na gaya mata naman akuyar, na gaya mata bikin ƙanwar, na gaya mata ni ce na zagaye shi don ba na son in kira masu motoci in ce na yi kuskuren rana. Na ce shi ne mai gaskiya. Da haushin ya taso kuma ban tsaya nan ba, na ce amma mutumin nan ba ya zaunuwa, gaskiyar tasa a aljihu yake ajiye ta, sai abu ya lalace ya fito da ita ya liƙa wa mutum a kujera.

Ta ce, "Za ki sake aiki da shi?"

Na ce, "Madam, gudunsa ne ya kawo ni nan." Na ga tana jira. "Amma tun daga ranar ban sake sakin komai ba sai ya duba. In ya ce a'a, akwai abu a wurin. Haƙo shi ne wahala."

Ta rubuta layi ɗaya, ta miƙe, ta ce za a tuntuɓe ni.

Ban sha wahalar nemansa ba. A bayan ginin akwai rumfar wata mata mai abinci, inda masu gadi da direbobi ke ci. Ga shi nan a kan benci cikin kwat, ya wulla nektai bayan kafaɗa, ya sa ugali da kifi a gaba, kifin da ni na hana kaina.

Na ce, "Injiniya, ashe Siaya ta matso kusa."

Bai ɗago ba. "Sha-huɗu. Yaya haƙorin? Na ga kumburin ya sauka."

"Kai dai ba ka da mutunci. Duk labaran duniya ka rasa wanda za ka ba ta sai nawa?"

"Namu dai. Ke wanne kika ba ta?"

Na zauna a bencin na ja farantinsa, na gutsuri ugalin. "Me ka ce mata?"

"Cewa ta yi in faɗi lokacin da nake da gaskiya amma ba ta amfani kowa ba." Ya zare ƙaya daga kifin a hankali. "Na ce na yi mako uku ina ce wa wata a'a, alhali zanen minti biyar a takarda zai nuna mata matsalar, ban yi ba don ina jin daɗin faɗin a'ar. Na ce ranar da abin ya fashe ni ina ofis ina gyara, fanka na kaɗa ni. Ita ce ta hau babur ta tafi tasha, ta tsaya a tsakiyar mutane aka zage ta da yare huɗu, ba ta bar wurin ba sai da kowa ya sami mota. Har kek ɗin ita ta riƙe."

Ban san ya san da maganar kek ɗin ba. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Idona ya ciko.

Ya janye farantinsa. "Kada ki yi mini kuka a kifi. A bidiyon koyon intabiyu na ga an ce mutum ya amsa ɗan laifi, suna son haka."

"Ta tambaye ka ko za ka sake aiki da ni?"

"Ta tambaya."

"Ka ce me?"

Ya tsotse ƙayar, ya ajiye. "A'a."

Na so in kifa masa miyar a kwat, amma na san arowa ya yi.

Kwana tara muka yi teburi na kallon teburi, ba mai tayar da maganar. Mista Gitonga yana ta tambayata haƙori, yana tambayarsa gona. Ni dai na riga na fid da rai. Wa zai ɗauki wadda aka kama tana gyara labari, wanda ya fi kowa saninta kuma ya ce ba ya yi da ita? Dole in ci gaba da zama a kujerar nan mai lamba har tsufa.

Ranar Alhamis da hantsi wayata ta yi ƙara, na fita kan matakala. Madam Kerubo ce da kanta. Ta ce sun ɗauke ni. Kafin in gama neman numfashi ta ƙara da cewa injiniyan da zan yi aiki da shi na san shi.

Na ce, "Madam, ai ya ce miki a'a."

Ta ce, "Ya ce. Sai na tambaye shi dalili, na kuma zauna har ya faɗa. Ki gwada wata rana."

Na haɗiye wannan. "Me ya ce?"

"Ya ce yadda kuka yi a baya dai a'a. In za a sake, sai ya riƙa yi miki bayani, kuma wannan aiki ne mai yawa. Na ce masa don irin wannan aikin muke ɗaukar mutane."

Ina komawa ciki na ji tasa wayar ta fara ƙara. Ya miƙe ya wuce ni yana ce wa Mista Gitonga daga Siaya ne, maganar gona.

Ranar da muka bar titin Ngong na ɓamɓare takardar daga kujerata na sa a jaka. Ranar farko a Westlands na yi sammako, na liƙa ta da hannuna a bayan sabuwar kujerar. Ogutu ya shigo ƙarfe tara, hannunsa ɗaya a aljihu. Ya ga lambar, ya tsaya. Ya fito da tasa takardar mai lamba sabuwa fil, ya dube ta, ya mayar.

Ya ce, "Mueni, kin ɓata mini wasa."

Na ce, "Zauna, Injiniya. Na duba aikin da aka ba mu, ina ganin za mu gama kafin bikin Ista."

Ya buɗe baki ya ce, "A'..." Sai ya haɗiye sauran, ya ja dogon tsaki, ya ɗauki alƙalami ya nufi allo.

Amsar dai ba ta canja ba. Amma ta kai minti arba'in, kuma na zauna har ƙarshe.