Kwamfuta Ta Auna Malam Jalo

Naziru ya kawo kwamfuta fadamar Bulkachuwa wata Talata a shekarar 2006, ya ɗora ta a kan buhun albasa. Wata ƙungiyar agaji ce ta turo shi daga Azare. Za ta ba manoman rani sabon injin ban-ruwa, amma sai an auna tsarin aikinsu tukuna. Matakai biyar ne. Wanda bai kai na uku ba, babu inji.

Manoma talatin da biyu ke shan ruwa a magudana ɗaya. Injinsu ya tsufa, kwana ɗaya aiki, kwana biyu gyara. Malam Jalo ke raba ruwan, shekara ashirin da shida, ba a taɓa kai ƙara gaban mai gari ba.

Naziru ya fara karanto tambayoyi.

"Baba, kuna da rubutaccen jadawali?"

"A'a."

"Rahoton taro fa?"

"Muna haɗuwa bayan La'asar. Kowa da kunnensa yake zuwa."

Naziru ya danna. "To in ka rasu, wa zai ci gaba?"

Malam Jalo ya dube shi. "Kai ka yi tambayar, ko ita?"

"Ita ce, Baba."

"To ba ta da tarbiyya."

Bayan tambaya arba'in, kwamfuta ta ba su mataki na ɗaya. Naziru ya ce ma'anarsa aikinsu bai balaga ba. Malam Jalo ya shafa farin gemunsa, ya tambaya ko akwai waɗanda suka balaga.

"Akwai wasu a wajen Disina. Mataki na huɗu."

"Na san su. Rijiyarsu ta rufta bara. Ko tattasai ɗaya ba su cire ba."

"Amma sun rubuta ruftawar, Baba. Da kwanan wata, da hatimi."

Cikin manoman akwai Kashim, tsohon akawu da ya yi ritaya, wanda ya daɗe yana jiran ranar da biro zai yi amfani a fadama. Cikin mako guda ya rubuta rahoton tarukan shekara uku, duk da biro ɗaya. Har da jawabin wani da ya rasu kafin taron. Kwamfuta ta karɓa, ta ɗaga su mataki na biyu.

Saura jadawali. Kashim ya ba da sunaye, nasa a farko. Kwamfuta ta yanka wa kowa awa biyu cif, Naziru ya bugo takardar a Azare ya dawo da ita. Abin da ya rage Malam Jalo ya dangwala yatsa a matsayin shugaba, su kai mataki na uku, a kawo inji.

Malam Jalo ya sa a karanta masa. Da aka zo ƙarshe ya ce a tsaya.

"Larai awa biyu?"

Larai bazawara ce mai 'ya'ya biyar, gonarta ce ta ƙarshe a magudanar, kuma yashi ce.

"Kowa daidai, Baba," in ji Naziru. "Shi ne adalci."

"Kafin ruwa ya isa wurinta an ci awa ɗaya da rabi. Ni yini nake ba ta. Ka gaya wa abar."

"Babu gurbin yashi a ciki."

"To ka buɗe."

"Daga sama aka kulle ta."

Kashim ya matso ya rage murya. "Malam, ka dangwala kawai. In inji ya zo, sai mu yi yadda muka saba."

"Duk wata uku za a zo a duba," in ji Naziru. "Wanda ya saɓa takarda, a ɗauke injin."

Larai tana tsaye a bayan maza da fartanya. Ta ce, "Malam, kar ka hana mutane inji saboda ni."

Babu wanda ya ce mata a'a. Kashim ya buɗe tawada, ya kamo hannun tsohon. Malam Jalo ya zare hannunsa, ya sa a aljihu.

"Ba zan dangwala ba."