Rubutun Gefen Shafi Na Shida

Shekara goma sha ɗaya tsohon likitan yana shugabantar kwamitin da ke tantance binciken lafiya a asibitinsu. Ba mai gwada magani a jikin mutane sai takardarsa ta bi ta teburinsa. Da aka ce za a ba su horo kan lura da bambancin maza da mata a bincike, sai da ya yi tsaki. Ya je ne don kada a ce shugaba bai zo ba.

Mai horaswar, wata malamar jami'a, ta raba musu kwafin tsohuwar takardar neman izini, an shafe sunaye. Gwajin maganin hawan jini ne.

"Mutum ɗari huɗu aka gwada," ta ce. "Ku duba shafi na shida. Mata nawa?"

"Goma sha tara," in ji wata nas.

Malamar ta ce, "Masu binciken sun so rabi da rabi. Kwamiti ne ya ce a cire duk macen da ba ta daina haihuwa ba, wai kariya. Yanzu rahotanni na nuna maganin ya yi wa mata ƙarfi. Jiri, faɗuwa, har karaya."

Likita ya gyara tabarau. A gefen shafin ga wani rubutu a karkace: "A cire su, kada mu jawo wa kanmu magana." Rubutun hannunsa ne. Ya ma tuna ranar, sauri yake a tashi taro.

Kuma maganin nan ne matarsa ke sha, wata takwas ke nan. Sau nawa ta ce ɗaki na juya mata da safe, ya ce, "Ke dai akwai raki, ni da nake shan ƙwaya biyu fa?"

"Ranka ya daɗe, ko da abin cewa?" malamar ta tambaye shi.

"Ni na rubuta wannan," ya ce.

Kowa ya sunkuyar da kai. Bai tsaya cin abincin rana ba.

Da ya isa gida, a kicin ya sami matarsa, tana yanka albasa a zaune, ita da ba ta girki sai a tsaye.

"Baban yara, lafiya da rana tsaka?"

"Ɗauko mayafinki, asibiti za mu."

A mota ya faɗa mata komai, bai rage ba.

"Ran Laraba na faɗi a banɗaki," ta ce. "Ban gaya maka ba, kada ka yi mini dariya."



Likitarta ta rage mata maganin, cikin mako biyu jirin ya lafa. Shi kuwa ya sa aka kwaso masa duk takardun da ya taɓa sa wa hannu, kwali uku, ya rufe ofis, ya fara daga na ƙasa.