Suruki Ya Gyara Keken Tsere

Da jiƙaƙƙen tawul a wuya ya tura ƙofar ɗakin ajiya, sai ya tsaya cak. Keken yana nan jingine inda ya bar shi kafin ya tafi iyo, amma an sake masa kama. An cire siririn sirdin, an kafa wani faffaɗa kamar kujerar mai aski. An ɗaura kariya, wato mazaunin ɗora kaya, a baya, an maƙala ƙararrawa a hannu. Ƙananan fedojin nan da takalmi ke kamawa su ma sun tafi, an sa manyan na roba irin na keken dako.

Ya durƙusa ya duba inda aka ɗaure kariyar. Huda biyu aka yi wa firam ɗin, wato gangar jikin keken, aka zura noti aka ɗaure tamau.

Gobe da safe ne gasar: a yi iyo a tafki, a fito a hau keke, a sauka a ƙarasa da gudu. Tun da likita ya tsorata shi da maganar hawan jini ya shiga wannan harka, kuma ba irin dariyar da bai sha ba. A ɗakin awon jini inda yake aiki har suna suka raɗa masa, Agwagwa, wai tana iyo tana tafiya tana tashi sama, ba wanda ta ƙware a kai. Ya haɗiye. Ya sha ruwan wurin iyo har ya koyi numfashi, farcen ƙafarsa ya yi baƙi ya fita saboda gudu, duk don wannan safiya guda.

Ya sami matarsa a kicin tana yanka albasa.

"Wa ya taɓa mini keke?"

"Don Allah rage murya, yana tsakar gida."

"Tambayarki nake yi!"

"Baba ne," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Kana fita ya sa na miƙo masa akwatin kayan aikinsa. Ya ce tun zuwansa yake kallon keken nan yana jin tausayinka, wai an cuce ka an sayar maka da ƙashi ba nama."

"Kina tsaye aka huda shi?"

"Ni na san keke ne? Kuma ko na sani, in ce wa ubana me?" Ta ajiye wuƙar. "Abban yara, tun da ciwon nan ya same shi ka taɓa ganin ya riƙe wani abu da hannun daman nan? Yau har waƙa na ji yana yi. Ka yi wa Allah kada ka faɗa masa komai."

Mahaifinta tsohon mai gyaran keke ne. Shanyewar ɓarin jiki ce ta kwantar da shi, suka ɗauko shi don ya fi kusa da asibiti. Da ƙanen Agwagwa ne ya yi wannan aika-aika, da maƙwabta sun shigo rabo. To amma suruki ne, mutumin da ko ido ba a haɗawa da shi.

Ya fito da keken. Tsohon yana zaune a kan tabarma, baƙin mai har gwiwar hannu, fuskar nan kamar an yi masa albishir. Agwagwa ya cire takalmi ya rusuna.

"Baba, barka da hutawa."

"Yawwa ɗana. Ka ga aiki ko? Yanzu ya zama keke. Babban mutum kamarka a kan sirdi kamar bakin wuƙa, ai sai ka jawo wa kanka basir. Kariyar nan kuwa ko buhu ka ɗora ba za ta motsa ba. Sai dai ƙarfen nasu na zamani ba shi da ƙwari, ina sa masa abin huda ya wuce kamar sabulu."

"An gode, Baba. Allah ya ƙara lafiya."

Kalmomin suka fito masa kamar ana zare ƙaya. Ya tura keken ya fice kafin bakinsa ya ci amanarsa.

Shagon Koci yana can bayan tashar mota, kuma a ƙasa ya tafi don bai yarda ya hau ba. Duk ramin da tayar ta faɗa sai ƙararrawar ta yi ƙara da kanta. Wani mai shayi ya ɗaga masa hannu ya ce ko na haya ne. Ya wuce, yana tafe yana zagi a cikinsa: ya zagi kariyar, ya zagi akwatin kayan aiki, ya zagi kansa da bai sa wa ɗakin kwaɗo ba. Tsohon kaɗai ya kasa zagi, wannan kuwa ya ƙara tunzura shi.

Koci, wanda ke horar da ƙungiyarsu kuma yake sayar da kayan keke, ya zagaya keken ya riƙe baki. Ya kwance noti ɗaya, ya ƙwanƙwasa wurin da farce, ya nuna masa wata siririyar tsaga da ta taso daga hudar.

"Wannan ba ƙarfe ba ne, ka sani. Zare ne aka matse da danƙo. In aka huda shi ya gama yawo. Ka hau shi a gangaren nan na bayan tafki, sai dai mu tsinto ka."

"Ba a liƙewa?"

"Kafin gobe? Ko bayan gobe ban ba ka shawara ba. Wane maƙiyin naka ne ya yi maka wannan?"

"Surukina."

Koci ya buɗe baki zai yi dariya, ya ga idon mutumin, ya mayar da ita tari. "Garin neman gira an rasa ido ke nan. To, sai haƙuri. Akwai wata gasar baɗi."

"Baɗi?" Agwagwa ya daki teburin har sifanu suka yi tsalle. "In koma wurin aiki in ce musu me? In ce agwagwa ko ruwan ba ta shiga ba? Wallahi ko a kan keken yara ne sai na yi gasar nan!"

Koci ya ɗauki waya. Dogo, wani ɗan ƙungiyarsu, ya gurɗe a ƙafa wajen gudu, kekensa yana rataye ba mai hawa. Aka yi ta magiya, don Dogo ya fi son keken nan da cin abinci. Da ƙyar ya yarda, da sharaɗin ko ƙwarzane ɗaya ya gani zumunci ya ƙare. Suka je suka ɗauko, Koci ya sauke sirdin daidai tsawonsa.

"Fedojinsa irin naka ne," in ji Koci. "Takalmanka za su kama. Je ka huta."

Da yamma ya shigo gida da keken Dogo a kafaɗa, nasa kuwa ya baro shi a shago. Zuciyarsa ta ɗan sauka, har ya fara tunanin abin da zai ci da safe. Tsohon yana nan a kan tabarmar, ya lulluɓe wani abu da tsumma a gabansa.

"Ɗana, zo ka gani. Ban zauna haka nan ba."

Ya yaye tsumman. Takalman kekensa ne. An ɓamɓare ƙarafan da ke ƙasansu, waɗanda ke kama feda, an goge wurin da zarto har ramukan notin sun shafe, an liƙa faci na tsohuwar taya.

"Kullum ina ganinka kana ɗingishi da su kamar mai kaushi. Yanzu ko kasuwa ka shiga da su."

Matarsa tana bakin ƙofar kicin, ta dafe ƙirji. Agwagwa ya kira Koci a waya. Koci ya ce ba shi da takalmi girman ƙafarsa, na Dogo kuwa kwale-kwale ne. Hanya ɗaya ta rage, ya hau da takalman gudunsa, amma sai da feda mai faɗi, shi kuma ba ya ajiye irinsu.

"Na surukinka suna nan a jikin gawar keken naka," in ji Koci. "In kwanto maka?"

Ya koma ya karɓo su, manyan fedojin roba masu nauyin tsiya. Ya dawo ya tarar ba shi da sifanar da za ta kwance na Dogo. A duk gidan akwati ɗaya ne ke da ita. Ya tsaya ya yi ta kallon akwatin, sannan ya je ya durƙusa.

"Baba, a taimaka a sa mini waɗannan."

Tsohon ya washe baki. Agwagwa ya riƙe keken da hannu biyu, ya kafa wa sifanar ido, yayin da hannun daman nan mai rawa yake lalubar noti, ya kuskure, ya sake kamawa. Aka daɗe kafin a gama. Tsohon ya juya fedar da yatsa ta yi ta wulwulawa, sannan ya shafa firam ɗin Dogo daga sama har ƙasa, ya girgiza kai.

"Wannan ma ba kariya. Miƙo mini abin hudar nan, yanzun nan zan—"

"A'a, Baba."

Bai ɗaga murya ba. Tun da ya auri 'yar mutumin nan bai taɓa ce masa a'a ba. Tsohon ya ɗago ya dube shi, shi ma bai sunkuyar da kai ba.

"A bar shi haka. Haka ake hawansa."

Tsohon ya janye hannunsa a hankali ya ɗora a cinya. "To," in ji shi. Ya shiga mayar da sifanu cikin akwati ɗaya bayan ɗaya, waƙar da yake yi ƙasa-ƙasa ta ɗauke.

Agwagwa ya saɓi keken ya wuce da shi har uwar ɗaki, ya jingina shi a jikin gado. Ya dawo ya kwashi takalman gudunsa, da tabaran iyo, da hular kwano, ya kai su ciki. Matarsa ta biyo shi, idonta ya ciko.

"A nan zai kwana?"

"A nan zai kwana."

Ya murza makulli ya zare shi ya sa a aljihu. Daga tsakar gida suka ji an rufe murfin akwatin.